TARIHIN GYARAN MAKARANTUN GWAMNATI A ƘASAR YARBAWA, DA INDA 'YA'YANMU SUKA FAƊA A LISSAFIN

Duk gwamnatin da ta hau a ƙasar nan, ta soja ce ko ta farar hula, ba ta cika wata shida sai an ji ta a rediyo tana cewa ilmi ya faɗi, kuma ita ce za ta tashe shi. Na ga ya kamata a wannan fitowa mu bi sawun maganar tun daga tushenta a nan ƙasar Yarbawa inda Allah Ya zaunar da mu, mu ga abin da aka alkawarta, da abin da aka yi. Mai sayen goro ba ya biyan kuɗin huhu don ganyen sama ya yi kyau, sai ya kwance ya zura hannu har ƙasa.

Boko ta bakin teku ta shigo wannan yanki. Turawan mishan sun sauka Badagry a 1842, kuma a 1859 aka buɗe sakandare ta farko a Ikko, ta mishan ɗin CMS. Shekaru da dama gwamnatin Turawa ba ta sa hannu ba, in ban da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 1882 ta yi dokar ilmi ta farko, ta sake wata a 1887. Abin da dokokin suka kawo shi ne mai duba makarantu, da sharaɗin cewa tallafin da makaranta za ta samu ya danganta da yawan yaran da suka ci jarrabawa. To, ka san halin ɗan Adam. Da malamai suka ga kuɗi na bin jarrabawa, sai suka koma ɗura wa yara hadda, yaro ya rera amsa kamar aku alhali bai san ma'anarta ba. Wannan ciwo ya haura shekara ɗari yana tare da mu. A 1892 aka naɗa baƙar fata na farko a kan aikin duba makarantun Ikko, wato Henry Carr.

Musulmi kuwa sun ja baya, kuma suna da hujja. Makarantun na coci ne, yaro kan shiga da suna Lasisi ko Buraimo ya fito da wani sunan. Don a shawo kansu ne gwamnati ta buɗe makarantar Musulmi a Ikko a 1896, inda ake haɗa Larabci da boko. Daga baya Musulmin Yarbawa suka tashi da kansu, suka kafa Ansar-ud-Deen a 1923, da wasu ƙungiyoyi irinta, suka shiga gina makarantunsu. A nan ne hanyarmu da tasu ta rabu. Sabo tamu an kafa ta a 1916, kakanninmu suna kan fataucin shanu da goro, kuma a ganinsu yaron da ya sauke Alƙur'ani, ya iya lissafi da ka, ya san darajar maigida da amanar dillanci, ya gama samun abin zaman duniya. A wancan zamani ba su yi ƙarya ba. Sai dai maƙwabtansu sun riga sun hango cewa kujerar ofis da ta kotu da ta asibiti duk ta ƙofar aji za a shige su.

Doka ta 1926 ta ƙara matsawa. Ta ce dole a rubuta sunan kowane malami a rajista, ta kuma ba gwamnati ikon rufe makarantar da ba ta cancanta ba, domin a lokacin ƙananan makarantu sun yi yawa a kudu, kowa ya samu rumfa da allo sai ya tara yara.

Babban juyi ya zo ne a zamanin Cif Obafemi Awolowo. A 1952 ministan ilmi na Jihar Yamma, S. O. Awokoya, ya gabatar wa majalisa shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Ba su fafe gora ranar tafiya ba, wannan kam a yaba musu. Sun ɗauki wajen shekara uku suna gina azuzuwa, suna rubuta sunayen yara, suna buɗe makarantun horon malamai. Aka ɗora wa masu biyan haraji ƙarin sule goma don ilmi da lafiya, abin da ya fusata talakawa ƙwarai, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa jam'iyyar NCNC ta fi ta Awolowo kujeru a nan Yamma a zaɓen tarayya na 1954. Da farko an so a ce tilas ne, da aka ga iska ta canza sai aka janye tilas ɗin aka bar kyautar.

Ranar 17 ga Janairu, 1955 aka fara. Yaran firamare na jihar, da suke wajen 457,000 a 1954, suka koma wajen 811,000 cikin shekara guda. Malamai daga kamar 17,000 suka koma kamar 27,000. Kuɗin da gwamnati ke kashewa kan ilmi ya ninka fiye da biyu. Aka kuma rage shekarun firamare daga takwas zuwa shida.

To amma mai karatu, tsaya ka yi lissafin ɗan kasuwa. A ina ake samun ƙwararrun malamai dubu goma a shekara ɗaya? Shanu ma in ka ce yau za ka ninka garke, ai sai ka haɗa da ramammu da marasa lafiya. Da yawan waɗanda aka ɗauka ba su taɓa shiga makarantar horon malamai ba, wasu da kaɗan suka girme wa ɗalibansu. Ba a yi shekara shida ba kuka ya yi yawa, har gwamnatin Yamma ta kafa kwamiti a ƙarshen 1960 a ƙarƙashin wani limamin coci, S. A. Banjo. Kwamitin ya tabbatar da cewa ilmi ya yi ƙasa, ya kuma lissafa dalilai, daga ciki akwai yawan malamai marasa horo, da cunkoson aji, da ciyar da yaro gaba ko ya ci jarrabawa ko bai ci ba. A riƙe waɗannan uku, domin za mu yi ta karo da su har ƙarshen labarin. Jihar Gabas ta kwaikwayi shirin a 1957, amma shekara guda kawai kuɗi ya gaza, aka dawo da biyan kuɗin makaranta a wasu azuzuwa.

Duk da wannan aibi, kada wani ya raina abin da 1955 ta yi. Yaran da suka shiga aji a shekarar su ne suka zama likitoci da lauyoyi da manyan sakatarori na shekarun 1970 da 1980. Kyautar ba ta ware ɗan Sabo ba, ƙofa a buɗe take, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka shiga. Ribar da ba a ci ba a wancan lokaci, har yau ana jin raɗaɗinta duk ranar da muka tashi neman ɗanmu da zai tsaya mana a ofis.

Bayan yaƙin basasa gwamnatoci suka shiga karɓe makarantu daga hannun mishan da sauran masu su. Jihar Gabas ta Tsakiya ce ta fara a 1970 a zamanin Ukpabi Asika, sauran suka biyo baya a tsakiyar shekarun. Ga Musulmi wannan ya kawo sauƙi, don tsoron canza wa yaro addini ya ragu. Amma an yi asarar abu guda, wato idon mai abu. Makarantar da a da fada ko shugaban ƙungiya ke leƙawa kullum, ta koma ta kowa, kuma mun san abin da ke samun akuyar gayya.

Sa'an nan kuɗin mai ya zo. Janar Gowon ya yi shelar ilmin firamare kyauta ga ƙasa baki ɗaya a Sakkwato a farkon 1974, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Ikko a Satumbar 1976, shi ne UPE. Mu da muke yara a lokacin mun ga yadda ake tantance shekaru: yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓa kunnen ɗaya gefen ya isa shiga. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Babu ƙidayar da za a dogara da ita, tunda ta 1973 an soke ta. Aka yi karatu a gindin bishiya, a coci, a rumfar kasuwa. Malamai kuwa aka shiga ƙyanƙyashe su cikin gaggawa, wanda ya faɗi jarrabawar sakandare a ba shi ɗan horo ya fito malami, har wanda firamare kawai ya gama aka tura makarantar horo. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa koyar da su daga nesa suna kan aiki. Wato kuskuren da Banjo ya nuna a jiha ɗaya, shi aka maimaita a jihohi goma sha tara.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977, wadda ta samo asali daga babban taron manhaja na 1969. A ciki aka ce yaro ya fara karatu da harshen uwa, ko da harshen mutanen da yake zaune cikinsu, daga baya a juya zuwa Turanci. Maganar tana da tushe. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife sun fara wani gwaji a 1970 a wata firamare da ke Modakeke, inda aka koyar da yara kowane darasi da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran suka fi takwarorinsu fahimta, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba. Mu da muka yi Islamiyya ba ma buƙatar farfesa ya gaya mana haka. Ahalari da Ishmawi da Iziyya duk da fassarar Hausa malam ya ba mu su, shi ya sa suka zauna.

To amma ɗan Sabo fa? Harshen uwarsa Hausa ne, harshen gari Yarbanci, littafi kuma Turanci. Yaron da ya tashi a tsakiyar unguwa, bai cika shekara shida ba, Yarbancinsa na sayen ƙosai ne da wasan ƙwallo. Ya shiga aji, malama ta yi bayani da Yarbanci, ta rubuta da Turanci, shi kuma yana tunani da Hausa. In ya yi shiru a ce daƙiƙi ne. Da yawa daga cikin yaranmu da suka gudu daga makaranta a aji biyu ko uku, wannan ne ya kore su, iyaye kuma suka ce dama boko ba ta karɓe shi ba, a kai shi rumfa. Manufar ta kuma ce kowane ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Ibo ko Yarbanci, ban da nasa. Da an bi wannan da gaske, da makarantun Yamma sun nemi malaman Hausa bila adadin, da 'ya'yanmu ne za su cike guraben. Amma an rataya sharaɗin da samuwar malamai, malaman kuwa ba a samar ba. Cibiyar harsunan Nijeriya ma sai a 1993 aka kafa ta a Aba.

A 1979 jam'iyyar UPN ta karɓi jihohin Yamma da alkawarin ilmi kyauta a kowane mataki. Cif Bola Ige a nan Oyo ya buɗe sakandare da yawa, ya raba littattafai, ya ce duk wanda ya gama firamare ya wuce. Alhaji Lateef Jakande a Ikko ya soke tsarin da wasu yara ke zuwa da safe wasu da rana, ya gina dubban azuzuwa masu arha cikin ɗan lokaci, har masu adawa na kiransu akurkin kaji. Su dai akurkin sun fitar da mutane. Sai farashin mai ya faɗi daga 1981, albashin malamai ya maƙale wata da watanni a jihohi da dama, soja suka dawo a ƙarshen 1983, kuɗin makaranta ya dawo da sunaye iri-iri.

Cikin wannan hali ne aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982. Niyyar mai kyau ce: yaro ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana koyon kafinta da walda da wayarin, in kansa bai ɗauki karatu mai zurfi ba ya fita da sana'a. Aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya, aka rarraba. Makarantu da yawa ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san kan injin. Akwatuna suka shekara a baranda ba a buɗe ba, wasu tsatsa ta ci, wasu ɓarayi suka kwashe. Wanda ya sayi tirela bai da direba, bai da hanya, ai ya san abin da ya saya.

Labarin albashin malaman firamare shi kaɗai ya isa littafi. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa, albashi ya fara fita a kan kari, malamai suka ɗan numfasa. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, ana kukan targaɗe sai ga karaya, yajin aiki ya zama ruwan dare. A 1993 aka dawo da hukumar. Cikin shekara biyar an juya abu sau uku. A wannan tsakani ne malami ya koma noma da acaba da sayar da kaya a aji, masu gidan haya suka fara ƙin ba malami ɗaki, duk mai ɗan hali kuma ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi. Tun daga ranar da 'ya'yan masu mulki suka bar makarantar gwamnati, gyaranta ya koma zancen rediyo. A 1993 ɗin dai aka kafa hukumar rajistar malamai, daga baya kuma aka tsayar cewa takardar NCE ce mafi ƙarancin abin da malami zai riƙe, aka yi ta rufe makarantun horon malamai masu ba da takarda mai daraja ta biyu. A nawa ganin nan an yi gyaran gangar Auzinawa, domin waɗancan makarantu su ne ke koya wa mutum yadda ake riƙe alli da yadda ake lallashin ɗan shekara shida.

Obasanjo ya dawo a farar hula ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato a Satumbar 1999, dokarta ta fito a 2004. Shekara tara kyauta kuma tilas. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, abin da ya sa biliyoyin naira suka yi ta kwana a Abuja don wasu gwamnoni sun ƙi kawo nasu. Akwai kuma hukunci a kan uban da ya ƙi sa ɗansa: karon farko gargaɗi, na biyu tarar N2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka N5,000 ko wata biyu. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan sashe ba.

A nan Oyo, Gwamna Ajimobi ya ga sakamakon jarrabawar WAEC ya yi muni, sai ya hana ciyar da yaro gaba in bai ci ba, ya sa kuɗi N3,000 a shekara a sakandare, ya kafa kwamitocin kula da kowace makaranta da suka haɗa iyaye da tsofaffin ɗalibai. Yunƙurinsa na 2016 na shigo da 'yan kasuwa da masu makarantun asali cikin tafiyar da wasu sakandare ya jawo zanga-zanga da dogon yajin aiki. Gwamna Makinde ya soke N3,000 ɗin ranar da aka rantsar da shi a 2019, daga baya ya ɗauki malaman sakandare 5,000. A can gida kuwa, Kaduna ta gwada malaman firamare wajen 33,000 a 2017 da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka, aka sallame su. An yi ta zagin malaman, amma kaɗan ne suka tambayi wanda ya ɗauke su aiki, da wanda ya koyar da su tun suna yara. Yawancinsu ai 'ya'yan UPE ne da jikokinta.

Batun harshe ya sake tasowa a ƙarshen 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu ke minista, aka amince a koyar da harshen uwa shekara shida na firamare. Ba a kai ga buga littattafai da horar da malamai yadda ya kamata ba, sai ga minista Tunji Alausa a Nuwambar 2025 ya ce an soke, a koma Turanci tun daga tushe. Ga ɗan Sabo, ko wannan ko wancan, ba wanda ya zo da malamin da zai ce masa "ka gane?" da harshen da yake mafarki da shi.

Wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne shirin BESDA, wanda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 611 a 2017 don mayar da yara makaranta. Jihohi 17 aka zaɓa saboda yawan yaran da ba sa zuwa aji. Goma sha huɗu na Arewa ne, uku na kudu, wato Ribas da Ebonyi da Oyo. Jihar da Awolowo ya fara ilmi kyauta a cikinta ta shiga wannan sahu. Ba mu kaɗai ne sanadi ba, akwai ƙauyukan Oke Ogun da rugage da 'ya'yan talakawan gari. Amma duk wanda ya bi ta Sabo ko Ojoo ko kasuwar Bodija da ƙarfe goma na safe ranar Talata, ya ga masu tallan ruwa da masu tura baro da masu riƙe wa makafi sanda, ya san muna da kaso a ciki.

Kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin iyaye da mutanen unguwa, kuma kujerun nan ba a tambayar takardar asalin jiha kafin a hau su. A makarantun da 'ya'yanmu suka fi yawa, sau nawa ake kiran taro a ga hula ko ɗaya daga cikinmu? Ranar taron takan faɗo ranar da mota ta iso da kaya, na sani. Ina roƙon shugabannin ƙungiya, da iznin sarakunanmu da malamanmu, a sa matasa su bi gida-gida kafin a koma sabon zangon karatu, a rubuta yara nawa ne ke zuwa boko, nawa ne allo kaɗai, nawa ne ba ko ɗaya. A kuma rubuta sunayen 'ya'yanmu maza da mata masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, a kai wa hukumar ilmin firamare ta jiha, a nemi a tura ko biyu-biyu zuwa azuzuwan farko na makarantun da ke kewaye da mu. Malaman Islamiyyunmu suna da rajistar yara a hannu, daga wurinsu ya kamata a fara ƙirgar.